Yadda Na Kusa Zama Baffan Matata

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka. Yanzu sai in yi ta neman hulata ina faɗa da mutanen gida, alhali tana bisa kaina. Amma akwai abu ɗaya da ya gagari tsufa, kuma na tabbata da shi za a sa ni a makara: shekarar da shari'a ta mai da ni baffan matata, da tsohuwar da ta zauna a bayan tabarma ta maido mini da aurena.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara nasu ya nasu su tafi. Ƙauyenmu yana cikin fadama, gabas da Haɗejiya, irin garuruwan nan da ruwa ke zagaye su rabin shekara, sai da kwale-kwale ake shiga ko fita. Sana'ata su da noman shinkafa. Amma kada ku raina ni, ni mai ilimi ne. Na yi aji biyu da rabi a elemantare, ranar da malam ya fara koyar da rabawa a lissafi na ga abin ya wuce wasa na koma bakin ruwa. A allo ma na taɓa kaɗan. Saboda haka duk wasiƙar da ta shigo garinmu ni ake kawo wa in karanta, inda na gane in faɗa, inda na kasa in ƙago, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Matata 'yar kawuna ce, wato ubanta da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Kakarmu ɗaya ke nan, ni da ita. Ba wanda ya tilasta wa wani. Ni na nace, ita kuma ta yi kamar ba ta so har na kwana uku cur, sannan ta aiko mini da dambun kifi. Mahaifiyata ta riga ta rasu kafin bikin, don haka kakar nan ita ce ta tsaya mini a komai. Tsohuwa ce mai baki kamar reza. Tun ina yaro take kirana mijinta, ni kuma ina cewa na sake ta saki uku saboda ba ta da haƙori. Haka muke, kullum.

Shekara guda da auren Allah ya ba mu 'ya mace. Ranar suna, ana zaune a ƙofar gida ana cin tuwon shinkafa, kaka ta leƙo daga zaure ta fara tsokanata, wai yau mijinta ya yi mata kishiya da jaririya. Na mayar mata. Ana ta dariya. Sai wani tsohon masunci, maƙwabcinmu, mutumin kirki wanda bai taɓa cutar ko kaza ba, ya ce in daina yi mata rashin kunya, shi da idonsa ya gan ni ina ɗan mitsitsi manne a ƙirjinta ina tsotso. Wanzamin garinmu ya ce shi ma ya gani. Aka ƙara fashewa da dariya, har da ni.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, sabon limaminmu, wanda bai daɗe da dawowa daga neman karatu ba. Na ga ya ajiye lomar da ya ɗauko. Washegari bayan hantsi ya zo ya same ni da kawu, fuskarsa kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ba zan zalunce shi ba, ba da mugunta ya zo ba, tsoron Allah ne ya kawo shi. Ya ɗauki tsinke ya zana mana a ƙasa. Ya ce yaron da bai cika shekara biyu ba idan ya sha nonon mace ya zama ɗanta. Idan na zama ɗan kaka, to kawu ya zama wana. Idan kawu wana ne, 'yarsa 'yata ce, ni baffanta ne, aure bai halatta tsakaninmu ba. Na dubi zanen nan sama da ƙasa, da duk ilimina na aji biyu da rabi, ban ga ta inda zan ɓulle ba.

Aka kai magana gaban alƙalin yankinmu. Zaure cike da maza: alƙali, magatakardansa, dogari, liman, kawu, shaidu biyu, da 'yan kallo har bakin ƙofa. Shaidu suka faɗi abin da suka gani. Aka lissafa watannina a lokacin, aka tarar ban cika shekara biyu ba. Sannan aka shigo da kaka, aka durƙusar da ita a tsakiya, alƙali ya tambaye ta ko gaskiya ne ta ba wa wannan jikan nata mama.

Ku duba mini wannan lamari. Tsohuwa mai jikoki, a gaban ɗan da ta haifa, a gaban limamin gari, a gaban samarin da aka haifa a hannunta, ana yi mata tambaya a kan ƙirjinta. Matar da ba a taɓa rufe mata baki ba ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Da ƙyar aka ji muryarta.

"An yi," in ji ta.

Ba ta ƙara ba, ba a kuma ƙara tambayarta ba. Shi kansa alƙalin na ga ƙasa yake kallo, so yake a wuce wurin da sauri. Ya yanke hukunci: a raba auren. Ya ce yarinya dai tamu ce halak malak tunda ba da sani aka yi ba, amma uwarta ta koma gidan ubanta a ranar.

Na kwana miji na tashi baffa. Samarin garinmu, Allah ya shirye su, in na fito da gorana da komata zan tafi su, sai su durƙusa har ƙasa su ce, "Baffa, an tashi lafiya?" Ina yin dariyar dole. Amma in na dawo na tarar da ɗaki ba hayaƙi, turmi a kife, tabarmar jaririya a naɗe a jikin bango, sai in rasa inda zan zauna. Kullum nakan zaɓi tarwaɗa mafi girma in ajiye a zauren kawu in juyo, ba na ko sallama. Wadda abin ya fi ci kuwa ita ce kaka. Ta daina tsokana, ta daina fita, abinci sai an yi da gaske. In ta hango ni sai ta shige ɗaki. A ganinta ita ta rushe gidan jikokinta da hannunta.

Ana nan sai Bature Di'o, mai mulkin gundumarmu, ya zo rangadi. Na ce yau ilimina zai yi rana. Na wanke riga, na jera kalmomin Turancina guda shida a kaina, na je na ƙame a gabansa na sake su gaba ɗaya. Ya dube ni, ya dubi tafinta. Tafinta ya ce in yi Hausa. Da na gama bayani, aka ce mini Bature ba ya sa hannu a maganar aure, amma ina da damar ɗaukaka ƙara zuwa wurin babban alƙali a birni. Wannan kaɗai na samu, kuma ya isa. Na zauna na rubuta takardar da hannuna, kwana biyu ina fama. Daga baya na ji an ce da ta isa kotu sai da mutum uku suka taru a kanta.

Da aka kira mu, ruwa bai janye ba tukuna. Muka shiga kwale-kwale ɗaya, ni da kawu da kaka da shaidun nan biyu, da matata da jaririya a can ƙarshe ta ba ni baya. Ina tuƙi muna ratsa bado da gonakin shinkafa da suka fara ja, tsuntsaye na tashi a gabanmu garke-garke. Tun da nake ban taɓa shiga jirgi da kaka ba face sai ta ce tuƙina kamar na mai ciwon baya ne. Ran nan har muka fita tudu ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi hukuncin alƙali yi mini ciwo.

A birni, al'adar wancan lokaci, matan ƙauye da shari'a ta kawo ba a barinsu a masaukin maza. Akwai gidan wata tsohuwa da ake kai su, kowa Malama yake ce mata. Goggon babban alƙali ce, ƙanwar ubansa. Asalin gidansu daga wajen Barno ne, har Hausarta tana da ɗan wannan karyawar ta Barebari. An ce ubanta alƙali ne, kuma lokacin da yake karantar da 'ya'yansa maza littattafan shari'a a zaure, ita tana bayan katanga tana kaɗi tana saurare, har ta kai in sun yi kuskure sai a ji gyara daga cikin gida. Da uban ya gaji sai ya ce a miƙa mata littafin. Matan aure take karantarwa, kuma in kotu na son jin bakin matar da ke kulle ita ake aikawa. Ba ta da kujera, ba ta da muƙami, ba ta cikin ma'aikatan En'e, wato hukumar sarki. Ni da na hango ta a ƙofa ranar da muka kai su, 'yar ƙaramar tsohuwa ce da tabarau ɗaure da zare, na ce a raina wannan ko iska mai ƙarfi ta isa ta ɗauke ta.

Ranar farko a kotu, babban alƙali yana zaune a kan buzu, muftai biyu dama da hagu, littattafai jibge. Manyan malamai ne na gaske, ba irina ba. Aka karanta abin da alƙalinmu ya rubuta, aka sake jin shaidu. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa: shaidu biyu adilai, mai shayarwa ta amsa da bakinta, yaro bai kai shekara biyu ba, ina kuskuren yake? Alƙali ya ce mu dawo gobe da hantsi a yanke. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa ragon da aka riga aka wasa wa wuƙa. Daga nan kuma ba wata ƙofa da talaka irina zai ƙwanƙwasa.

Abin da ya faru a gidan Malama da yammacin ranar, matata ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Malama ba ta ko ambaci shari'a ba. Faifai biyu ta ɗauko, ta zuba shinkafa, ta miƙa wa kaka ɗaya ta ce ta taya ta tsinta, idonta ya yi rauni. Suna tsinta tana jan ta da hira irin ta tsofaffi: haihuwa nawa, nawa suka rayu, wace shekara aka haifi auta, jikoki nawa aka kawo mata yaye. A hankali bakin kaka ya buɗe. Ta ce duk jikokinta a ɗakinta aka yaye su, amma ba wanda ya ba ta wuya kamar wannan ɗan neman, kwana huɗu yana tsala ihu. Malama ta tambaye ta da me ta yi masa dabara. Kaka ta ce da me kuwa, in ba abin da kowa ke yi ba. Matata ta ce a nan Malama ta ajiye faifai, ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon kaka. Sannan ta ce, "To, 'yar'uwa, wa ya tambaye ki wannan a kotu?" Kaka ta ce ba kowa.

Da hantsi muka taru. Kafin a fara sai muka ga an rataya tabarma a ƙofar zauren da ke shiga cikin gida, aka ji motsin mutum a bayanta. Dogari ya durƙusa ya ce Malama tana neman izinin yi wa shaida tambaya. Ɗaya daga cikin muftan ya gyara rawani ya ce shi dai bai san mace da zama a majalisar shari'a ba. Babban alƙali ya ce ai ba ta shigo ba, tana bayan tabarma, amma in malam yana ganin zai iya zuwa ya ce mata ta koma, ga hanya nan. Ba wanda ya motsa.

Muryarta ta fito siririya, ba gaggawa. Ta gai da alƙali da malamai ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kira tsohon masuncin nan.

"Malam, ranar da ka ga yaron nan a ƙirjin kakarsa, uwarsa tana raye?"

Ya ce tana raye, lafiyarta ƙalau, tana gidan mijinta a ƙetaren ruwa.

"To me ya raba ɗa da uwarsa mai rai da lafiya, aka kawo shi ɗakin kaka?"

Ya sosa gemu, sannan ya ce yana jin yaye aka kawo shi. Ta tambaye shi autan tsohuwar shekararsa nawa a lokacin. Ya ce ai auta ya riga ya fara fita su da gora shi kaɗai, gemu ya fara tsiro masa. Na ga alƙali ya ɗago kai.

"Saura ɗaya. Da yaron ya kama, ya kwanta ya yi lamo kamar yadda mai shan nono ke yi?"

Sai tsohon nan ya fashe da dariya a gaban shari'a, ya manta inda yake. Ya ce lamo a ina, ai yana kamawa ya saki, ya yamutsa fuska kamar biri, ya yi ta tofar da yawu yana dukanta da hannu bibbiyu, abin da ya sa ma bai manta ba ke nan. Wanzami ya ce wallahi haka aka yi, shi ma abin da ya gani ke nan. Ni ina durƙushe a tsakiya ana ba da tarihin jarumtakata.

Sannan Malama ta yi bayani, kuma har yau ina iya jin muryar. Ta ce kowace mace a ƙasar nan ta san yadda ake yaye. Ana ɗauke yaro daga uwarsa a kai shi wurin kaka ko goggo wadda ta daɗe da barin haihuwa. In ya dame ta da kuka yana laluben ƙirji, sai ta daka ɓawon maɗaci ta shafa, ta ba shi. Ba don ya sha ba, don ya ji ɗaci ya tsani abin har abada. Ta ce littafin da ke gaban malamai ya faɗa ƙarara, abin da ke haramta aure shi ne ruwan nono ya isa cikin yaro. Ta kawo wurin da Larabci, daga ka, ta faɗi babin. Ta ce matar da autanta ya yi gemu, ba ta sha maganin kawo ruwa ba tunda uwar yaro na nan, me zai isa cikin yaro ban da maɗaci?

Muftin nan da ya yi magana ɗazu ya jawo littafi yana buɗawa. Ya samu wurin, ya bi da yatsa, ya gyaɗa kai. Ba don shi mutumin kirki ne ba da ya yi gardama, amma sai ya ce, "Haka yake." Ya ce su sun tambayi ko an yi, sun tambayi watanni, ba wanda ya kawo a ransa ya tambayi ko akwai ruwa.

Sai ta ƙara da 'yar murya kamar mai neman gafara: "Allah ya gafarta Malam, in abin da ake yi wa yaro ran yaye yana raba aure, sai a fara da gidanka. A ɗakina aka yaye ka, maɗacin da na shafa maka ma ya fi nasa yawa, ga kuma 'yata tana aure a gidanka shekara talatin."

Dogari ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Babban alƙali ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya daɗe a haka. Amma bai yanke hukunci a kan dariya ba, kuma wannan na yaba masa. Ya sa aka kirawo tsofaffin ungozoma biyu daga unguwa daban-daban, aka tambaye su a bayan tabarma, kowacce ita kaɗai, suka faɗi abu ɗaya. Ya sa Malama ta rantsar da kaka a cikin gida, inda ba idon namiji, ga amintattu biyu suna ji daga bayan katanga. Matar da ta iya cewa "an yi" kawai a gaban maza, an ce a can sai da aka roƙe ta ta tsaya haka nan. Kafin azahar aka rushe hukuncin farko, aka ce in ɗauki matata.

Da muke fita na leƙa littafin magatakarda, don ku san ni mai karatu ne. Ya rubuta cewa kotu ta bincika ta gano babu shayarwa. Kotu. Na nemi inda aka ambaci tsohuwar bayan tabarma, ban gani ba.

A hanyar komawa, mun shiga ruwa ba mu yi nisa ba, sai na ji murya daga tsakiyar jirgi: "Kai, mijin banza, wannan tuƙi ne ko ciwon baya?" Na ce mata ni da ta shayar da maɗaci, me take so in zama? Na juya baya ina tuƙi don kada a ga idona. Liman kuwa, da muka isa, shi ya fara zuwa tarbarmu, ya nemi gafara, daga baya har birni ya riƙa zuwa yana ɗaukar karatu a ƙofar gidan Malama.

Yanzu in muna zaune a majalisa aka ji a rediyo ana maganar sa mata a manyan kotuna, abokaina tsofaffi sukan tashi da faɗa, wai ina mace ina kujerar alƙali. Ni ba malami ba ne, aji biyu da rabi ne, malamai su yi muhawararsu. Abin da na gani da idona kawai nake faɗa musu. Duk matan garinmu sun san maganar maɗaci, amma ba su san shari'a a kan ruwan ta rataya ba. Duk malaman nan sun san shari'ar, amma ba wanda ya taɓa yaye yaro, kuma kunya ba ta bar su sun tambaya ba. Mutum ɗaya ce a duk ƙasar ta haɗa biyun, ita ma sa'a ce ta sa ta ja kaka da hira a gidanta. Da zazzaɓi ya kwantar da ita a makon, da alƙalin ba ɗan wanta ba ne, da shi ke nan, malamai uku masu gaskiya sun raba halal da hannunsu suna ganin sun tsare addini. Wa ya san gidaje nawa aka raba haka a inda ba Malama?

Abin da na koya ke nan. Kotun sama ita ce ƙofar ƙarshe, in aka yi kuskure a can ba mai gyarawa. Rabin masu shiga ƙofar nan mata ne, kuma akwai abin da ba za su taɓa faɗa wa zaure cike da rawuna ba, akwai tambayar da rawunan ba za su tuna su yi ba. Mace mai ilimi irin wannan bai kamata a jira sa'a ta kawo ta bayan tabarma ba. A shimfiɗa mata buzu a ciki, a rubuta sunanta a littafi.

Matar tawa tana nan, mun haifi tara bayan wannan. Ba ta da haƙori yanzu, ta gaji kakarmu har da bakin. In na ɓata mata rai ba ta zagina. Durƙusawa take yi a hankali, gwiwa na ƙara, ta ce, "Baffa, a yi haƙuri." Ni kuma sai in ji ɗacin maɗaci ya dawo mini a harshe, in yi wa tsohuwar bayan tabarma addu'a.